Waken Suya, Sai An Soya

Ƙarfi,
Alhamis, bayan La'asar.

Zuwa ga autata Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Kabiru da dukkan mutanen gidansu na Musawa. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya sa kin shiga ɗakinki a sa'a, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a bakin buhun abincin kaji, alhali ga waya a hannun kowa. To, kin san ubanki. Shekara talatin da biyar na yi a gaban allo ina magana har murya ta dushe, amma in maganar ta cikin gida ce sai harshena ya yi nauyi. Jiya sau biyu na zo ƙofar ɗakinki da niyyar mu yi magana, na tarar ana maki ƙunshi cikin ƙawayenki, na ƙare da tambayar ko an ba kaji ruwa. Shi ya sa na koma ga alƙalami. Na sa takardar a buhun da zai bi 'yan matan kajin nan hamsin da na ba ki, don na san ko kayan ɗakinki ba ki gama jerawa ba sai kin buɗe shi.

Gwaggonki Laraba ta gaya mani abin da kika shirya. Ta ce kin roƙi Kabiru, ya kuma yarda, cewa duk ranar Alhamis za ki hau babur daga Musawa ki zo Ƙarfi ki soya mani waken kaji, ki koma washegari. Ba zan ɓoye maki ba, da na ji haka abin da ya fara zo mani shi ne murna. Har na fara lissafin Alhamis nawa ke cikin shekara. Sai daga baya kunya ta kama ni. Kin san halin da hanyar nan take ciki na 'yan bindiga, kin san mutum nawa muka yi wa addu'a a masallaci saboda ita. Ban yarda ba, Auta. Duk abin da zan rubuta a ƙasa don ki fahimci dalilina ne, kuma don ki san inda awon abincin nan da kika haddace ya samo asali. Kin san tiya nawa ta masara, tiya nawa ta wake, amma ba ki san cewa kusan kowace tiya a ciki wauta ce da ubanki ya tafka aka gyara ba.

Kina aji uku a firamare muka fara kiwon kajin gidan gona. Albashin malamin makaranta kin san shi, kafin wata ya raba ya riga ya yi sallama. Muka fara da kaji ɗari, ina sayo abincin kamfani daga Malumfashi. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan buhu ya fara hawa, duk zuwa da sabon farashi, ƙwai kuwa yana nan inda yake kamar an ɗaure shi a turke. Na duba na ga kajin nan su ke cin mu, ba mu ke cin su ba, har na fara neman wanda zai kwashe su. Marigayiya Innarki ce ta ɗebi abincin ta zuba a faifai, ta zauna tana tsinta da yatsa kamar mai tsince shinkafa. Can ta ɗago ta ce, "Malam, wai me ke cikin buhun nan da babu shi a rumbunmu? Ga masara, ga wake, ga dusa." Na karɓi faifan na duba, na ga gaskiyarta. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa, mu da ke noma masara da waken suya a bayan gida muna biyan mota ta kai su birni ta dawo mana da su cikin buhu mai zane.

Haɗin farko ita ta yi shi. Ta ɗauko kaskon da take suyar gyaɗa, ta zuba rairayi, ta wuni tana soya wake. Ni kuma ina gefe ina kallon itacen da ke ƙonewa, ina jin kamar aljihuna ake turawa cikin murhu. Da yamma na ce mata daga yau a daina wannan wahala, a kai waken inji a niƙa shi yadda yake. Na ce kazar da ke haɗiye tsakuwa ta narkar da ita, wake ne zai gagare ta?

Ta ce, "Malam, ni dai ban yi boko ba. Amma abin da aka sa wa suna waken suya, ai ba a ba kowa shi ɗanye."

Na yi dariya irin ta malamai, wadda nake wa yaron da ya ba da amsar banza. Na ce mata sunan ba daga suya ya fito ba, Bahaushe ne ya lanƙwasa shi, asalinsa na Turawa ne, su soya suke ce masa.

Ta ce, "To ka gani, Malam. Su ma Turawan ai sun gaya maka. Soya."

Maƙwabciyarmu da ta shigo aron turmi ta fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Ke da ba ki taɓa zama a aji ba, ke za ki koya mani Turanci?" Ta tashi ta kife kaskon, ta yayyafa wa garwashin ruwa. Auta, na faɗi maganganu marasa kyau da yawa a rayuwata, amma babu wadda ke dawo mani kamar wannan.

Aka niƙa ɗanyen wake aka haɗa. Mako uku ba su cika ba kajin suka canza. Suna ci kamar fara, amma in ka ɗaga kaza sai ka ji ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Zawo ya ɓata ɗakin, ƙwai ya ragu har ya koma rabi. Na sayo magani kala-kala, na ɗora laifi a kan zafi, na ɗora a kan ruwan rijiya, har na fara zargin bakin mutane. Wake kaɗai ne ban zarga ba, don zarginsa zargin kaina ne. Wata safiya na zagaya bayan rumbu neman igiya, sai na tarar da ɗan akurki da kaji goma sha biyu a ciki, tukkayensu jawur, ga ƙwai a tasa. Ashe in na tafi makaranta sai ta soya tiya biyu da totuwar masara da karan dawa, ko itace ɗaya ba ta taɓa mani ba, ta ba waɗannan su kaɗai. Da ta ga na gani sai ta ce, "Na ɗan ware su ne, Malam, na ga sun fi sauran rauni." Wato mafi lalacewa ta zaɓa, kuma su ne suka tashi.

Daga baya wani malamin dabbobi ya yi mani bayani cewa akwai wani abu a ɗanyen waken da ke hana cikin kaza narkar da abinci, wuta ce kaɗai ke kashe shi. Abin da ya yi shekaru yana karantawa, Innarki ta tsince shi a cikin suna. Kin san abin da na ce mata? Cewa na yi, "A ci gaba da suyar." Shi ke nan. Ban ba ta haƙuri ba, ban gode mata ba, na ci na goge baki kamar kajin nawa. Don haka komai ƙanƙantarsa kada ki ba kaza ɗanyen wake, ko da kina sauri, ko da makamashi ya yi tsada, totuwa da kara sun isa. Kuma ki kula, kina da takardar makaranta wadda Innarki ba ta da ita, kin kuma gado bakina. A gidan da kika shiga akwai tsofaffin da ba su san biro ba. In ɗayarsu ta faɗi magana a kan kiwo ko a kan zama, ki juya ta sau biyu kafin ki gyara mata lafazi. In kuma ta tabbata ke ce a kan kuskure, ki buɗe baki ki ce kin yi kuskure tun mai maganar tana nan kusa.

Kada ki ɗauka na yi hankali daga nan. Shekarar da wake ya yi tsada na je Funtuwa na ga masu kiwon ragunan layya suna rububin ƙulin gurya, wato abin da ke saura in an tatse mai daga 'ya'yan auduga. Ga araha, ga ragunan kamar za su fashe. Na ce abin da ya gina rago ai zai gina kaza, na ɗoro buhu biyu. Innarki ta shinshina ta ce, "Wannan na masu tuƙa ne, Malam." Wannan karon ban gaya mata baƙar magana ba, amma kuma ban ji ba, na maye rabin waken da shi. Kajin ba su nuna komai ba, ƙwai yana zuwa, ɓawo sumul. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa.

Bayan kamar kwana goma sai ga Ɗanlami mai shayin bakin tasha, wanda ya fi kowa ɗaukar mana ƙwai, ya yi sallama da kiret a hannu. Ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, don Allah kajin nan naka miyar kuka kake ba su?" Ya fasa ɗaya a kofi ya miƙo mani. Kwaiduwar ta yi wani kore-kore mai duhu, ba wari, ba komai, amma ko ni ba zan ci ba. Ya ce a gaban direbobi ya fasa, wani ya tashi ya bar shayinsa. Ashe guryar ba a ranar take nuna kanta ba, sai ƙwan ya kwana biyu a ajiye. Ɗanlami mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba, amma sai da aka yi wata huɗu kafin ya sake taka ƙofar gidanmu. Abin da na koya shi ne, duk sabon abin da za ki sa a haɗi, ki fara da kaji goma, ki ba su mako biyu, ki ajiye ƙwansu mako guda sannan ki fasa ki gani da idonki. Mai sayen ƙwai ba ya ganin cikinsa, amanarki yake saya, kuma a baƙon gari kike.

Wauta ta uku ita ce mai zafin, kuma akwai ƙaryar da na yi maki a cikinta. Lokacin Innarki tana Funtuwa tana jinyar mahaifiyarta. A kasuwar Kafur wani mutum ya ja ni gefe ya nuna mani masara rabin kuɗi, ya ce ruwa ne ya ɗan taɓa ta a ɗaki. Na cusa hannu na ji ɗumi, na kai hanci na ji warin ruma. Hancina ya ce a'a, aljihuna ya ce i, na bi aljihu. Na baza ta a rana kwana biyu ina ganin rana tana wanke komai. Fumfunar ta bushe a ido, dafinta yana nan a ciki. Muna da 'yan tsaki 'yan mako shida a lokacin. Suka fara zubewa, yau biyu, gobe biyar, ba tari ba mura, sai dai ka ga sun yi tsuru sun saki fiffike. Na riƙa binne su a bayan gida kafin ki taso daga makaranta, da kika tambaya na ce maki an sayar. Ba a sayar ba, Auta, ni na kashe su da araha. Da Innarki ta dawo ta leƙa ɗakin ta ga saura, ta je ta buɗe buhun masarar, sannan ta ce a fitar da shi kada akuya ma ta ci.

Ki sayi hatsinki da kaka, lokacin da yake a bushe kuma manomi na neman kai da shi. Ki ciza ƙwaya, in ba ta ce ƙas ba ki bar ta. Ki jera buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙuli-ƙuli ma haka, ki karya ki duba cikinsa, in kin ga toka-toka ko baƙi-baƙi ki mayar wa mai shi ko kyauta ya ba ki. Rage tsadar abinci daban, sayen abin da ya lalace daban, ni na daɗe ban raba su ba.

Akwai kuma lokacin da na ce ɗan ƙunshin sinadarin bitamin ɗin nan da muke saya a shagon Maman Ifeoma a Malumfashi cuta ce kawai, garin da bai cika tafin hannu ba me zai yi wa buhu guda? Na daina sawa, na kuma rage garin ƙashi. Kin san matar, haihuwar Funtuwa ce, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta ce, "Malam, ka rage komai ban hana ka ba, amma wannan ka bar shi, kada garin neman gira ka rasa ido." Na ce a raina ciniki take nema. Sai da kaji suka fara zubo ƙwai lagwai-lagwai babu ɓawo, suna juyawa suna shanye abinsu, sannan na koma shagon ina sunne kai. Tun daga nan Innarki ta riƙa karɓo ƙashi wurin mahauta tana ƙonawa tana dakawa, ɓawon ƙwan masu shayi ma ta gasa ta daka shi lukui yadda kaza ba za ta gane shi ba. Abin da gona ke bayarwa ki nema a gona, ɗan abin da ba ta bayarwa ki saya kada ki yi ƙyashi, gishiri ma kada ki manta da shi.

Musawa ba Ƙarfi ba ce, za ki tarar dawa da gero sun fi masara sauƙin samu. Kada ki ce lallai sai awon gidanmu. Farar dawa da kaura suna maye masara, ja mai baurin nan ce za ki sa kaɗan. Ki nemi matan da ke yin awara a unguwarku ki riƙa karɓar dusarsu, amma ki shanya ta a ranar, in ta kwana da danshi ta yi tsami, kuma ita ma ki ɗan nuna mata kasko. Dusar shinkafa ki zuba a tafi ki hura, in ta tashi sama ɓuntu ne, cika ciki kawai zai yi. Ki dasa zogale ko biyar ne a bayan ɗaki, ki shanya ganyen a inuwa, shi ke sa kwaiduwa ta yi ja. Kuma duk canjin da za ki yi, ki yi shi sannu a hankali cikin mako guda, kina rage tsohon kina ƙara sabon. Kaza ba ta son a sauya mata abu rana ɗaya. Ni ma da nake rubuta wannan na gane ba na so.

Yanzu bari in zo ga babban kuskuren, wanda ba na kaji ba ne.

Shekara goma Innarki tana suyar nan duk Alhamis. Kin tuna yadda take yi. Ta juya, ta juya, da marar nan tata ta ƙwarya, har gafin ya tafi ƙamshi ya taso kamar na gyaɗa. Sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta hura, ta ciza, ta dubi cikinta, ta ce, "Ya yi." Kalma biyu, ba ta ƙarawa. Ni kuwa ina gindin darbejiya da rediyona, taku goma tsakaninmu. Shekara goma ban taɓa tasowa na tsuguna kusa da ita na ce nuna mani ba. Ina ganin aikin mata ne, kuma ina ganin lokaci yana nan. Ciwon kwana shida ya ɗauke ta. Ranar da aka yi sadakar bakwai aka watse, waken kaji ya ƙare, ina zaune ban san ta inda ake farawa ba. Sai na ga kin fito kin ɗaure zani, kin kafa kaskon, idonki a kumbure. Kina da shekara goma sha tara. Na ji sanyi a raina, na koma gindin darbejiya na zauna, na bar ki da shi shekara huɗu.

Da Kabiru ya fito, yaro mai natsuwa da sana'arsa ta ɗinki, kuma na san kina son sa, sau biyu kina ɗaga bikin nan. Na farko kika ce sai an yi girbi, na biyu kika ce sai sababbin kaji sun fara ƙwai. Duka biyun na ce maki, "Yadda kika gani." Na san ba girbi ba ne, ba kaji ba ne, ni ne. Na san uba na gari cewa zai yi tashi ki tafi. Na yi shiru don ina tsoron gidan nan babu motsin kowa. Yayyenki suna Kaduna da iyalansu, sai gaisuwar waya, ke kaɗai ce ke cewa "Baba, a kawo ruwa?" Na ci shekara biyu daga cikin rayuwarki, kuma na yi shi ne da bakin da bai ce komai ba. Ki yafe mani. Na rasa damar faɗa wa Innarki wannan kalma, ba zan rasa taki ba.

To ga abin da ba ki sani ba. Kin tuna Talata huɗu da suka wuce da nake cewa zan je tantancewar 'yan fansho? Ba inda na je sai gidan Gwaggonki Laraba, da ƙullin wake a cikin jakar takardu. Na ce ta koya mani suya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lawal, lafiyarka kuwa?" Da ta ga da gaske nake sai ta ƙwala wa matan gidan kira, "Ku fito ku ga ikon Allah, yau Hedimasta ne a bakin kasko!" Suka fito suka kewaye ni. Wata da na koyar da ita a aji huɗu ta ce, "Malam, in ka ƙona akwai bulala fa." Na naɗe hannun riga na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara.

Talatar farko na cika wuta don in gama da wuri, bayan ya yi baƙi cikin yana ɗanye. Gwaggonki ta ciza ta tofar ta ce, "Wannan ai munafukin wake ne." Ta biyu na ji tsoron gafi na ƙi saukewa, ya ƙone ƙurmus, ta ce ko kaza ta ci gawayi ta ci, duk amfanin ya tafi. Ta uku na tsaya amsa gaisuwa na daina juyawa, rabi ya yi rabi bai yi ba. A nan na san abin da Innarki ta yi shekara goma tana yi, da abin da kika yi shekara huɗu. Hayaƙi a ido, zafi a ƙauri, hannu ba ya tsayawa ko na ƙiftawa, kuma ba mai ce maka sannu. Na yi hawaye a bakin kaskon nan, matan suka ɗauka hayaƙi ne, na bar su a haka.

Ta huɗu, shekaranjiya, na rage wuta, na juya ban tsaya ba, na ji lokacin da warin ya juya ya zama ƙamshi, na ga fatar ta fara tsagewa, na sauke. Gwaggonki ta miƙo hannu za ta ɗanɗana, na hana ta. Na ce wannan ba ita za ta duba shi ba.

Ki duba ƙasan ambulan ɗin nan, akwai ɗan ƙulli a leda. Shi ne. Ni na soya shi da hannuna tun daga hura wuta har saukewa. Ki hura, ki ciza, ki dubi cikinsa. In kin ji gafi ki gaya mani in ƙara masa lokaci, in kin ji ɗaci ki gaya mani in rage wuta, ba zan yi gardama ba, na daina gyara wa masu sani magana. Amma ta waya za ki gaya mani, ba a kan babur ba.

Kuma don kada ki ce za ki zo duk da haka, kaskon Innarki ba ya gidan nan. Na sa an naɗe shi a buhu an cusa ƙarƙashin katifarki a motar kaya, in kin sauke za ki gan shi. Kajinki hamsin suna buƙatarsa, kuma hannunki ya saba da shi. Ni na sa maƙeri ya yanka mani rabin duro. Marar ƙwaryar ce kawai na riƙe, wadda gefenta ya cinye daidai inda babban yatsanta ke zama. Wannan kam ki bar mani.

Ba zan ce maki ba zan ji kewa ba, kin san ƙarya ce. Daga jibi Asabar in motarku ta tashi, ni ne da kaji ɗari uku da rediyo. Abinci Gwaggonki za ta riƙa aikowa, mun gama magana, kada ki sa wannan a ranki. Abin da zai yi mani wuya shi ne La'asar, lokacin da kike fitowa da kiret kina ƙirga ƙwai da ƙarfi kina ɓata lissafi ina gyara maki. Yanzu zan ƙirga daidai, ba wanda zan gyara wa. Zan saba. Gara in yi kewarki ina sane kina ɗakinki lafiya, da in riƙa tsayawa a bakin titi duk Alhamis ina leƙen kowane babur gabana yana faɗuwa. Ki zo da Sallah, ke da mijinki, da rana tsaka, a motar da ke cike da mutane. Ki zo baƙuwa, ki zauna a gindin darbejiya, ni in tsuguna a bakin wuta ki yi kallo.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki riƙe Kabiru da mutunci, ki gode masa a kan ƙaramin abu tun yana jin ki. Ki gaishe mani da shi da iyayensa, ki ce na gode da yardar da ya yi maki, amma na mayar masa da Alhamis ɗinsa. Allah ya yi maki albarka, ya albarkaci kiwonki, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya tsare ku a gida da daji, ya tsare duk matafiyin da ke bin hanyar nan, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Allah ya jiƙan Innarki, ya kai haske kabarinta, ya isar mata da haƙurin da ban ba ta ba. Amin.

Wayar tana aljihuna na gaba, na ƙara mata ƙara yadda zan ji ko ina cikin kaji. Ba sai kin yi doguwar magana ba, na san amarya ba ta rasa baƙi. In kin ciza kin ga ya yi, kalma biyun nan kawai za ki faɗa mani.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Lawal